Yadda ake tsintar ƙurar sama a kan rufi, a kuma bi sawun asalinta ta hanyar oksijin

Tun ranar da na nuna wa ɗalibaina a nan Tahoua hoton wata 'yar ƙwaya baƙa wadda ba ta kai rabin ƙwayar gero ba, na ce musu daga sararin samaniya ta faɗo, tambayoyi ba su yanke ba, daga ɗalibai da iyayensu har da masu karatu na Yamai: yaya ake samun irin wannan ƙwaya, kuma ta yaya mutum zai san daga ina ta fito? Amsar tana da tsawo, shi ya sa na jera ta mataki bayan mataki. Wani bincike da aka fitar a 2021, daga samfuran da aka tara a tashar Concordia da ke Antatika, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 5,200 na wannan ƙura ne ke isowa doron ƙasa a kowace shekara, kuma a 2017 Jon Larsen ɗan ƙasar Norwe da Matthew Genge na Landan sun ba da bayanin ƙwayoyi 500 da aka tsinta a kan rufin gidajen birni. Ke nan rabonmu ma yana sauka a kan rufinmu. Matakai shida na farko a gida ake yin su, sauran kuma sai da ɗakin bincike.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Ku tanadi maganaɗisu mai ƙarfi, irin na neyodimiyom, wanda ake cirewa daga faifan ajiya na tsohuwar kwamfuta. Masu gyaran kwamfuta kan bayar da shi a kan kuɗi kaɗan, kuma ya fi na tsohuwar lasifika ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai ledoji masu zif, buroshi mai laushi, cokali ko cebur na roba, bokiti biyu, sabulun wanke kwanuka, farin faranti, tsinken sakace, takunkumin hanci, da littafin rubutu mai bango. Duk waɗannan ba za su wuce 'yan jikkuna ba.

Abu biyu ne ke cin kuɗi. Na farko rariya: ana bukatar wadda ramukanta suka kai kimanin milimita 1.5, da ta milimita 0.4, da ta milimita 0.2. Rariyar tankaɗen gari tana iya tsayawa a madadin ta farko, amma sauran biyun gara a samo na ɗakin gwaji waɗanda aka rubuta girmansu a jiki. Na biyu mikiroskof mai idanu biyu da ke ƙara girma aƙalla sau 40, wanda sabonsa kan haura jika ɗari. Ƙaramin da ake jonawa da kwamfuta ya fi araha ƙwarai, kuma yana isa a fara da shi, sai dai tsinta da shi tana gajiyar da ido. Wanda ke da hanya a wata makarantar sakandare ko jami'a, ya nemi aro kafin ya saya.

2. Zaɓen rufi da lokaci

Rufin da ya fi dacewa shi ne na kankare, mai faɗi, mai tsayi, wanda aka kewaye da ɗan bango irin wanda magina ke kira rawani, kuma ya shekara da yawa ba a share shi ba. Lissafin da masu wannan aiki suka saba yi shi ne ƙwaya kusan ɗaya a kan kowace murabba'in mita a shekara, kuma iska da ruwa sukan kwashe mafi yawansu, saboda haka faɗin rufi da tsufansa su ne jarin. Rufin soro na ƙasa ba ya amfani, domin yaɓen da ake masa kowace shekara yana zuba ƙasar gari cikin samfur. Rufin kwano kuma tsatsarsa ce za ta cika maganaɗisu.

Ni a ganina watan Oktoba ya fi, bayan damina ta ɗauke kuma kafin hazon hunturu ya sauka. A lokacin ruwan sama ya riga ya wanke ƙura marar nauyi, ya tara mai nauyi a kusurwoyi da bakin indararo, ya yi muku rabin aiki. Wanda ya jira har Janairu zai tarar da ƙurar da iska ta kwaso daga hamada ta binne komai.

Gargaɗi: ku guji rufin da ke kusa da masu walda, maƙera, garejin motoci ko babbar hanya. Karon farko da na yi wannan aiki na ɗauko shara daga wani bene da ke bayan layin masu walda, na ga ɗaruruwan ƙwayoyi masu sheƙi, na kwana da murna, ashe duk tartsatsin ƙarfe ne da ya huce a iska. Sannan kada kowa ya hau rufi sai da izinin mai gida, a kuma sanar da maƙwabta tun da wuri domin daga sama ana hango cikin gidajen mutane. Ku hau da sassafe kafin kankare ya ɗauki zafi, ku lura da wayoyin lantarki.

3. Shara da rubutu

Ku sa takunkumi, domin kashin tsuntsaye da na jemage da ya bushe yana da illa ga huhu. Ku tara sharar kusurwoyi da ta bakin indararo da buroshi, ku zuba a leda, kowane rufi da ledarsa. Kafin ku sauko, ku rubuta a littafi ranar, da unguwar, da lambobin wurin kamar yadda wayar hannu ta nuna, da faɗin rufin, da shekarun ginin idan an sani, da sana'o'in da ke kewaye. Ku ba ledar lamba, misali TA-01, ku rubuta lambar a jikinta da kuma a littafi. Na nanata wannan domin ɗakin bincike ba ya ɓata lokacin na'urarsa a kan ƙwayar da ba a san inda aka samo ta ba, komai kyanta.

4. Wanki da tankaɗe

A zuba sharar a bokiti, a ƙara ruwa da ɗan sabulu, a dama da hannu, a bar ta ta kwanta na kamar rabin minti, sannan a tsiyaye ruwan sama-sama a hankali. A maimaita har ruwan ya fito garau. Ganye da laka za su tafi, yashi mai nauyi ya zauna. A yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai tsabta, a shanya a faranti cikin ɗaki, a rufe da ƙyalle don kada sabuwar ƙura ta shiga. Idan ya bushe sarai sai a tankaɗe. Kason da ya tsaya tsakanin milimita 0.2 da 0.4 shi ne wanda aka fi samun ƙwayoyin a ciki, amma a adana na saman 0.4 daban, domin ƙwaya babba ɗaya tana da daraja ta musamman a mataki na takwas.

Gargaɗi: kada a bar samfur ya kwana cikin ruwa, kada a sa masa asid ko ruwan batir, kada kuma a busar da shi a kan wuta. Oksijin ɗin da ke cikin ƙwayar shi ne shaidar da ake nema, kuma tsatsa da ƙuna suna shigar da oksijin na ruwa da na iskarmu cikin fatarta.

5. Jan maganaɗisu

A sa maganaɗisu cikin leda, a baza busasshen yashin siriri a kan takarda, a bi ta samansa a hankali ba tare da dannawa ba. Idan ledar ta ɗauki kaya, a kai ta saman farin faranti, a zare maganaɗisun daga ciki, kayan su zube. A maimaita sau uku. Ba a taɓa sa maganaɗisu tsirara cikin yashi, domin abin da ya manne masa ba ya fita duka, kuma zai gauraya samfurin wannan rufi da na gaba. Ragowar da bai ɗauka ba kada a zubar, domin ƙwayoyin da suka zama gilas zalla ba su cika amsa maganaɗisu ba.

6. Tsinta a ƙarƙashin mikiroskof

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke karaya. A ɗibi abin da bai wuce kan ƙaramin cokali ba, a baza shi yadda ƙwaya ba za ta hau kan ƙwaya ba, a haska fitila daga gefe, a bi farantin layi-layi kamar mai shuka. Wadda aka yi zargi a taɓa ta da tsinken da aka ɗan jiƙa bakinsa, za ta manne, a sauke ta cikin ƙaramar kwalba mai murfi, a ba ta lambarta, misali TA-01-03.

Ƙwayar sama ta shigo ne da gudun da ya haura kilomita 11 a daƙiƙa, ta narke, ta sake daskarewa cikin 'yan daƙiƙu, kuma wannan tafiya tana barin alamu. Yawancinsu baƙaƙe ne ko masu ruwan toka mai duhu, kuma sau da yawa ba su cika zagaye ba, sun fi kama da ƙwai ko ɗigon ruwa. Wasu suna da zane-zanen layuka a jere a fatarsu, wato sandunan ma'adinin olibin. Wasu fatarsu tana da ƙulle-ƙulle kamar bayan kunkuru. Wasu kuma ana ganin ƙananan lu'ulu'u sun turo daga ciki. Alama mai ƙarfi ita ce ɗan ɗigon ƙarfe mai haske a gefe ɗaya, ko ramin da ya bari bayan ya fice.

Masu ruɗi kuwa sun fi yawa ninkin-ba-ninki. Tartsatsin walda zagayayye ne tas, mai sheƙi, sau da yawa holoƙo ne a ciki. Mu a ƙasar Adar muna da ƙarin matsala, domin duwatsunmu cike suke da tama, kuma marmara tana sakin ƙananan ƙwayoyi zagayayyu masu launin ja ko ƙasa-ƙasa waɗanda maganaɗisu ke ɗauka. Duk ƙwayar da ta yi ja, ko take da bawo-bawo kamar albasa idan ta fashe, ta ƙasarmu ce. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar duk ƙwayoyin ƙarfe zalla, ko da akwai na sama a cikinsu, saboda dalili biyu: da ido ba a raba su da na walda, kuma oksijin ɗinsu gaba ɗaya daga iskar duniya suka ɗauke shi lokacin shigowa, don haka ba zai faɗi komai game da mahaifarsu ba.

Gargaɗi: kada a manna ƙwaya da gam ko salatif na kasuwa, kada a taɓa ta da yatsa, kada kuma a yi aikin fanka tana kaɗawa. Atishawa ɗaya tana iya tafiya da aikin mako guda.

7. Tantancewa da izini

Kafin a yi maganar oksijin, dole na'urar mikiroskof mai aiki da ilektiron ta tabbatar da sinadaran ƙwayar. Ta sama tana nuna magniziyom, silikon da ƙarfe a matsayin manya, magniziyom da silikon kusan kai ɗaya, da ɗan alminiyom da kalsiyom, sodiyom da potasiyom kuwa kaɗan ƙwarai domin zafi ya kore su. Nikel a cikin ɗigon ƙarfen nan shaida ce mai kyau. Wannan awo ya fi na oksijin araha sosai, kuma tsallake shi shi ne kuskure mafi tsada da mutum zai yi.

Ƙofar da ta dace a fara ƙwanƙwasawa ita ce sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ku je da littafinku da hotuna, ku nemi malamin da zai duba, domin ta hannun malaman jami'a ake ƙulla hulɗa da ɗakunan bincike na waje.

Gargaɗi: kada ku sa samfur a ambulan ku ba matafiyi. Bayan da aka sayar da dutsen duniyar Mas mai lamba NWA 16788, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, a wani gwanjo a birnin New York cikin Yulin 2025 a kan dala miliyan 5 da ɗoriya, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike ta kuma dakatar da fitar da duwatsun sama daga ƙasar. Ƙwayarku ba ta da darajar kasuwa, amma ku nemi bayani da takarda daga ma'aikatar ma'adinai kafin komai ya ƙetare iyaka.

8. Zaɓen hanyar awon oksijin

Oksijin iri uku ne masu bambancin nauyi, kamar 'yan uku: mai lamba 16 wanda ya kai kashi 99.76 cikin ɗari, mai lamba 18 kimanin kashi 0.2, da mai lamba 17 kimanin kashi 0.04. Su ake kira izotop, kuma rabon da ke tsakaninsu ake aunawa. Hanyoyi biyu ne.

Ta farko, a ƙona ƙwayar da hasken leza cikin sinadarin fulorin, oksijin ya fita a matsayin iska, a auna shi. Tana ba da lissafi mai kaifi ƙwarai, amma tana cinye ƙwayar ɗungurungum, kuma tana son mai nauyi. Ƙwaya mai faɗin milimita 0.3 nauyinta bai wuce kimanin mikirogiram 40 ba, alhali mai milimita 0.6 ta ninka ta sau takwas, shi ya sa na ce a adana manyan. Cibiyar CEREGE da ke kusa da Aix-en-Provence a Faransa ta yi wannan aiki a kan ƙwayoyin Antatika.

Ta biyu ita ce na'urar SIMS, irin wadda cibiyar CRPG ta birnin Nancy ke da ita. Ana dasa ƙwayar cikin wani ɗan faifan roba mai faɗin milimita 25, a goge har a kai tsakiyarta, a shafa mata zinariya siririya, sannan a harba mata ƙwayoyin siziyom a wuri mai faɗin kimanin mikiromita 10 zuwa 15. Kaifinta bai kai na farko ba, amma ƙwayar tana saura, kuma ana iya auna ma'adini ɗaya-ɗaya a cikinta. Ga ƙwayoyin rufi, wannan ce na fi ba da shawara. Kuɗin yini guda a kan irin wannan na'ura yana iya cinye albashin malamin makaranta na watanni, saboda haka hanyar da ta dace ita ce haɗin gwiwa da masu binciken da ke son samfur daga yankin Sahel.

Gargaɗi: ku roƙi a ɗauki hoton ƙwayar ta waje kafin a goge ta, da hoton cikinta kafin a auna. Ku tambayi ma'aunin da aka gwada da shi, domin olibin da olibin ake gwadawa, galibi na San Carlos da ke jihar Arizona ta Amurka. Awon da ya faɗa kan tsaga a watsar da shi, domin robar da ta cika tsagar ita ma tana da oksijin nata.

9. Karanta sakamako

Za a turo muku lambobi biyu ga kowane awo, δ18O da δ17O, wato rabon oksijin 18 da na 17 idan an gwada su da oksijin 16, a kashi cikin dubu, an kwatanta su da ma'aunin ruwan teku da ake kira VSMOW. Ku fitar da lamba ta uku da kanku: ku ninka δ18O da 0.52, ku debe abin da ya fito daga δ17O. Sakamakon shi ne Δ17O. Dalilin wannan lissafi shi ne narkewa da ƙafewa suna motsa lambobin biyu tare bisa wannan rabo, don haka ba sa taɓa Δ17O. Duwatsun duniyarmu da na wata suna zaune a kan sifili ko dab da shi, na Mas a kusan +0.3, na Besta, wani ƙaton dutse da ke kewaya rana tsakanin Mas da Jupita, a kusan −0.24.

Ga misali na koyarwa. Idan δ18O ya zo 20, δ17O ya zo 6.9, to 20 sau 0.52 ya ba da 10.4, a debe daga 6.9, saura −3.5. Idan kuma δ18O 15 ne, δ17O 8.4, to 8.4 a debe 7.8, saura +0.6.

Aikin da Clément Suavet da abokansa suka fitar a 2010 ya raba irin waɗannan ƙwayoyi rukuni huɗu, kuma har yau da shi ake amfani. Rukuni na 1 yana da Δ17O tsakanin −3 da −5, kuma yana komawa ga duwatsun kondirit (tsofaffin duwatsun sama da ba su taɓa narkewa ba) masu kabon, dangin dutsen Allende da ya faɗo a Meziko a 1969. Rukuni na 2 yana wajen −1, shi ma daga masu kabon, musamman waɗanda ruwa ya taɓa ratsawa. Rukuni na 3 yana sama da sifili da kaɗan, wajen +0.4 zuwa +0.8, kuma ana danganta shi da kondirit na gama-gari, dangin Itokawa, wani dutse mai shawagi a sararin samaniya da kumbon Hayabusa na Japan ya kawo samfurinsa a 2010. Rukuni na 4 yana kusa da +2, da δ18O da ya kai 40 ko fiye, kuma bai dace da ko ɗaya daga cikin duwatsun sama da ke hannun masana ba. Misalinmu na farko ya faɗa rukuni na 1, na biyu rukuni na 3.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko, dogaro da δ18O shi kaɗai. Ƙwayar da ta daɗe tana tafasa a sama takan rasa oksijin marar nauyi, δ18O nata ya hau, kuma wannan labarin zafin shigowarta ne, ba na mahaifarta ba. Na biyu, mantawa da iskar duniya. Oksijin ɗin iskarmu yana da δ18O kusan 23.5 da Δ17O ƙasa da sifili da kaɗan, kuma narkakkiyar ƙwaya tana haɗiye wani kaso nasa, wanda ke jan lambarta zuwa wajen sifili. Ke nan ƙwayar da ta nuna −3 tana iya kasancewa ta baro gida da lambar da ta fi haka nisa. Na uku, raina kuskuren awo. Idan an rubuta +0.3 da kuskuren 0.5, ba a san ko tana sama da layin duniya, wato sifili, ko ƙasa da shi ba, kuma gaskiya ita ce a rubuta cewa ba a tantance ba. Haka nan kasancewa sama da sifili kaɗan ba ya nufin kondirit na gama-gari kai tsaye, domin samfurin dutsen Ryugu da kumbon Hayabusa2 ya kawo a 2020 mai kabon ne, amma shi ma a saman layin yake. A irin wannan hali sai an haɗa da tsarin ma'adinan da sinadaransu.

10. Ma'adinan da ba su narke ba

Idan hoton cikin ƙwayar ya nuna wani ɗan yanki na olibin mai duhu, mai yawan magniziyom, ko na ma'adinin sifinel, wanda gefensa ya nuna bai narke tare da sauran ba, ku roƙi a auna shi daban, a kuma auna narkakken da ke kewaye da shi. Wannan yanki bai yi musaya da iskar duniya ba, yana riƙe da oksijin ɗinsa na asali tun shekaru fiye da biliyan 4.5. Wasu daga cikinsu sukan nuna Δ17O da ya kai −20 ko ƙasa da haka, irin wadatar oksijin 16 da Robert Clayton na Jami'ar Chicago ya fara ganowa a fararen ɗigogin dutsen Allende a 1973. Awo biyu ko uku a kan irin wannan yanki sun fi goma a kan narkakken gilas.

A rahotonku ku rubuta dangin da ƙwayar ta fi kama da shi, tare da lambobin da kuskurensu, kada ku kira sunan wani dutse guda ko wata tauraruwa mai wutsiya, domin oksijin dangi yake nunawa. Ku nemi a dawo da faifan da aka dasa ƙwayar a ciki, ku kwafe lambarsa cikin littafin nan kusa da bayanin rufin da aka share, sannan ku ajiye shi a akwati mai murfi tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, nesa da danshin damina.